Kama da Wane Ba Ta Wane: Gishirin Buromayid a Asibiti da Masana'anta



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau wani gishiri ne wanda masana kimiyya ke kira fotashiyam buromayid, suna kuma taƙaita sunansa da haruffa uku, watau KBr. Da zan zuba shi a faranti, in zuba gishirin miya a wani farantin, in zaga da su cikin wannan zaure, da wuya a sami mutum guda da zai rarrabe su da ido. Dukansu farare ne fat, ƙwayoyinsu sun yi kama da 'yan ƙananan akwatuna, kuma dukansu suna narkewa cikin ruwa nan da nan. Hausawa kuwa sun ce kama da wane ba ta wane. Zan yi ƙoƙari in nuna muku cewa yawancin amfanin da aka ci da wannan gishiri, da kuma ɓarnar da ya yi wa mutane, duk daga wannan kama suka taso, gama ba idonmu kaɗai yake ruɗawa ba, har jikin ɗan Adam ma ruɗa shi yake yi.

Gishirin miya haɗin abu biyu ne, sodiyam da kulorin. Shi kuwa namu na yau haɗin fotashiyam ne da buromin. Fotashiyam ɗan'uwan sodiyam ne na jini, buromin kuma ɗan'uwan kulorin ne, saboda haka 'ya'yan da suka haifa suka ɗauko kamannin juna. Wani Bature mutumin Ingila, Humphry Davy, shi ya fara ware fotashiyam a shekarar 1807, daga wani sinadari da ake samu cikin tokar itace. Ashe ke nan ba baƙo ba ne a gidajenmu, domin yana nan cikin ruwan tokar da iyayenmu mata ke tacewa su sa a miya ko su yi sabulu. A nan sai in yi wani ɗan gyara. Masu Turancin ƙasar nan sun saba kiran kanwa da sunan fotash, alhali kuwa kanwar da ake kawowa daga ƙasar Manga da yankin Tafkin Chadi akasarinta sodiyam ce. Kada ɗalibi ya ɗauki wannan kuskure ya shiga da shi ɗakin jarrabawa.

Buromin kuwa wani saurayi Bafaranshe mai suna Antoine Balard ya bayyana shi ga duniya a 1826, bayan ya tsamo shi daga ruwan ɗacin da ke saura idan an gama kwashe gishiri a fadamun bakin teku kusa da garin Montpellier. Ruwa ne ja mai duhu, mai hayaƙi, mai ƙona fata, kuma warinsa ya sa aka laƙaba masa suna daga kalmar Girkanci mai ma'anar ɗoyi. Shi da zaiba ne kaɗai cikin tushen sinadarai suke zama ruwa a zafin ɗaki. A kowace lita ta ruwan teku akwai kimanin miligiram 65 nasa, amma a Tekun Gishiri da ke tsakanin Jodan da Isra'ila, wanda Larabawa ke kira Bahar Lut, ya ninka haka sau da yawa, shi ya sa can da jihar Arkansas ta Amurka da ƙasar Sin suka zama manyan wuraren samar da shi. Tsohuwar hanyar haɗa gishirin namu ita ce a zuba buromin kan garin baƙin ƙarfe cikin ruwa, sa'an nan a kawo fotash na gaskiya a ƙara, ƙarfen ya kwanta a ƙasa, a tace ruwan a ƙafar da shi. Abin al'ajabi, wannan ruwa mai ƙuna da ɗoyi sai ya koma farin gishiri marar wari, wanda ba ya narkewa da wuta sai zafi ya kai digiri 734 a ma'aunin Selshiyas.

To, yanzu sai mu shiga asibiti, inda labarin ya fi tsawo.

A watan Mayu na shekarar 1857, wata ƙungiyar likitoci ta yi zama a birnin Landan, inda wani likita, Edward Sieveking, ya karanta takarda a kan masu ciwon farfaɗiya su 52 da ya duba. Da aka zo wajen tattaunawa sai shugaban zaman, Sir Charles Locock, wanda shi ne likitan da ke karɓar haihuwar Sarauniya Biktoriya, ya ce shi kam ya gwada fotashiyam buromayid a kan wasu mata goma sha wani abu waɗanda farfaɗiyarsu ke tashi lokacin al'ada, kuma duk sun sami sauƙi in ban da guda ɗaya. Dalilin da ya kai shi ga gwajin shi ne abin lura. Likitocin Turai na wancan zamani sun yi imani cewa yawan sha'awa na daga cikin abubuwan da ke haddasa farfaɗiya. Shi kuwa Locock ya taɓa karanta labarin wani Bajamushe da ya sha wannan gishiri don gwaji, ya ga sha'awarsa ta mutu na ɗan lokaci. Sai ya yi lissafi cewa in an kashe sha'awar, an kashe ciwon. Lissafin nan ba daidai ba ne ko kaɗan, sha'awa ba ta kawo farfaɗiya. Amma maganin ya yi aiki. Makaho ne ya yi jifa ya sami tsuntsu.

Kada mu raina wannan dace. Kafin wannan shekara babu wani magani a duniya da aka tabbatar yana tsayar da farfaɗiya. An yi ta tsaga, an yi ta ƙona fata, an ɗura wa marasa lafiya abubuwa iri-iri har da gishirin azurfa mai mai da fatar mutum shuɗiya-shuɗiya, duk a banza. Likitoci irin su Samuel Wilks da Charles Radcliffe suka ɗauki maganar Locock suka gwada a kan maza da mata, suka ga gaskiya ce. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, asibitin masu ciwon jijiya da ke Queen Square a Landan shi kaɗai yana ƙarar da fiye da tan biyu na buromayid a shekara. Daga farfaɗiya aka zarce da ba da shi don rashin barci, da fargaba, da ciwon kai, da kukan jarirai. Har ta kai a Turanci idan mutum ya cika maimaita tsohuwar magana mai sa gyangyaɗi sai a kira maganar tasa buromayid. Ina fatan ba za a fita daga zauren nan ana kiran wannan lacca da sunan ba.

Yaya yake aiki? Sai bayan shekaru masu yawa aka gane. Ƙwaƙwalwa tana aiki ne da 'yar wutar lantarki da ke gudana tsakanin ƙwayoyin jijiyoyi, farfaɗiya kuwa ita ce lokacin da ɗimbin ƙwayoyin nan suka ɗauki wuta gaba ɗaya babu tsari. Allah ya yi wa kowace ƙwaya birki. A jikinta akwai wasu 'yan ƙofofi waɗanda idan suka buɗe, kulorayid, watau rabin gishirin miya da ke cikin jininmu, yakan kwarara ciki ya sanyaya ƙwayar, ta yi wuyar ɗaukar wuta. To buromayid, saboda kamarsa da kulorayid, ƙofofin nan ba su hana shi shiga, hasali ma ya fi mai gidan saurin wucewa. Sai birkin ya ƙara kamawa. Ku lura, rabin da ke wannan aiki shi ne buromayid, fotashiyam ɗan rakiya ne kawai, shi ya sa sodiyam buromayid ma yake yin aiki iri ɗaya.

Amma fa ƙofofin ƙwaƙwalwa ba su kaɗai ke ruɗewa ba. Ƙoda ma tana ruɗewa. Aikinta ne ta tace jini, ta zubar da abin da ba a so cikin fitsari, ta maido da gishiri cikin jiki don kada ya salwanta. Idan ta ga buromayid sai ta ɗauka gishirin gida ne, ta riƙa maido da shi. Saboda haka idan mutum ya sha shi yau, sai bayan kwana 12 ne rabinsa zai fita daga jini, bayan wasu kwana 12 kuma rabin abin da ya saura. Ku kwatanta da maganin ciwon kai na yau da kullum wanda rabinsa ke fita cikin 'yan sa'o'i. Wanda ke shan buromayid kullum kamar mai zuba ruwa ne da guga cikin randar da ke ɗiga da kaɗan-kaɗan: yau lafiya, gobe lafiya, sai a wayi gari bayan wata biyu randa ta cika ta tumbatsa. Tazarar da ke tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke cutarwa kuwa 'yar kaɗan ce.

Idan ya tumbatsa sai a ga mutum ya yi nauyi, yana yawan barci, harshensa na sarƙewa, yana tangaɗi kamar mashayi, mantuwa ta kama shi. Ƙuraje su feso masa a fuska da ƙirji, wani lokaci su zama gyambo. In abin ya yi nisa sai ya fara gane-gane da jiye-jiye, yana zargin na kusa da shi. Mutane da yawa a Turai da Amurka an kai su gidan mahaukata alhali ba abin da ke damunsu illa maganin barcin da suka saya a kanti da kuɗinsu. Har na'urar awon jini ma ba ta tsira ba: yawancinsu suna ƙidaya buromayid a matsayin kulorayid, sai sakamako ya fito da adadin da ya wuce hankali, kuma sau da yawa wannan baƙon adadi ne ke fara tona asirin cutar ga likita mai lura. Maganinta kuwa daga kamar nan dai ya fito. A tsayar da buromayid, a ɗura wa mutum ruwan gishirin miya ta jijiya, a ba shi maganin sa fitsari. Idan ƙoda ta ga gishirin gaske ya wadata sai ta saki hannu, na gaske da na jabu su fita tare. In ta yi tsanani a yi wankin ƙoda.

Mulkin buromayid ya yi shekara 55. A 1912 wani likita Bajamushe, Alfred Hauptmann, ya lura cewa sabon maganin barci da ake kira fenobabital yana tsayar da farfaɗiya ba tare da wannan wahala duka ba. A 1938 Merritt da Putnam a Amurka suka kawo fenitoyin. Daga nan tauraron buromayid ya fara dusashewa, ko da yake ya daɗe cikin magungunan kanti, irin su Bromo-Seltzer, har zuwa 1975 lokacin da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa aka cire shi daga magungunan da ake saya ba da takardar likita ba.

Duk da haka bai mutu ba. A Jamus da Japan likitocin yara suna komawa gare shi idan farfaɗiya mai tsanani ta gagari sauran magunguna, musamman irin wadda ake kira ciwon Dravet, amma da awon jini a kai a kai. Inda ya fi samun gindin zama a yau shi ne wajen likitocin dabbobi. Karnuka ma suna farfaɗiya, kuma fenobabital yakan wahalar da hantarsu, buromayid kuwa ba ya bi ta hanta sam. A jikin kare rabinsa yakan ɗauki kimanin kwana 24 kafin ya fita, saboda haka sai an yi wata uku ko huɗu kafin ya daidaita cikin jini. Akan gargaɗi mai kare kada ya sauya masa abinci, domin in gishiri ya ƙaru a abincin maganin zai zube ciwo ya dawo, in ya ragu maganin zai taru ya zama dafi. A 2021 hukumar nan ta Amurka ta ba da izini na sharaɗi ga ƙwayar buromayid ta karnuka. Kyanwa kuwa ba a son a ba ta, gama yana kumbura mata hanyoyin numfashi.

Kada wani ya ce cutar buromayid tarihi ce. A 2025 wata mujallar likitoci a Amurka ta buga labarin wani mutum mai shekara 60 wanda ya ƙudura ya daina cin gishirin miya. Ya nemi shawarar ChatGPT, ya fito da fahimtar cewa buromayid na iya maye gurbin kulorayid, ya sayi sodiyam buromayid ta intanet ya yi wata uku yana sa shi a abinci. Ya iso asibiti yana cewa maƙwabcinsa na sa masa guba, ya yi mako uku a kwance kafin hankalinsa ya komo.

Tun da muna kan farfaɗiya, bari in yi amfani da wannan dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami magani daidai. Ba a ɗaukar ta ta yawu ko kumfar baki, kamar yadda ake faɗa a garuruwanmu har jama'a su watse su bar mutum kusa da wuta ko bakin rijiya. A janye shi daga haɗari, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, in ya farfaɗo a kai shi asibiti. Ba buromayid za a ba shi ba, akwai waɗanda suka fi shi, masu araha kuma.

Mu bar asibiti mu leƙa shagon mai hoto. Duk wanda ya taɓa zama gaban labule aka ɗauke shi hoton fasfo, aka ce ya dawo jibi a wanke, ya ci amfanin wannan gishiri. Idan aka narkar da gishirin azurfa aka haɗa shi da fotashiyam buromayid cikin duhu, sai su yi musanyar abokai, a sami azurfa buromayid, wani gari mai ɗorawa-ɗorawa wanda haske ke yi wa tabo. An fara da ɗan'uwansa azurfa kulorayid, amma na buromayid ya fi shi jin haske nesa ba kusa ba. Kafin 1871 mai hoto sai ya shafa maganin a gilashi, ya ɗauki hoto, ya wanke, duk kafin gilashin ya bushe, saboda haka duk inda za shi sai ya yi dakon tantinsa na duhu. A wannan shekara wani likita a Ingila, Richard Maddox, ya nuna cewa ana iya riƙe garin cikin jelatin, watau danƙon da ake dafawa daga fatu da ƙasusuwan dabbobi, a bar shi ya bushe a ajiye. Daga nan aka sami fim, har George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a 1888. Fim ɗin silima da na hoton ƙashi a asibiti duk wannan haɗi ne. A ruwan wankin hoto ma akan ƙara ɗan fotashiyam buromayid don ya ja wa ruwan linzami, kada ya baƙanta wuraren da haske bai taɓa ba hoto ya fito da hazo. Wayar hannu ta kashe yawancin wannan kasuwa, sai 'yan tsiraru masu sha'awar fim da asibitocin da ba su koma na'urar zamani ba.

Amfani na gaba ku ɗaliban kimiyya za ku gamu da shi da hannunku. Akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda ke bayan ja a jerin launukan bakan gizo, ana kiransa infared. Kowane sinadari yana da irin yadda yake shanye wannan haske, kamar yadda kowane mutum yake da zanen yatsansa. In an haska shi ta cikin ƙwayar magani, na'ura za ta zana layi mai hawa da sauka wanda zai nuna ko abin da aka rubuta a kwali shi ne a ciki, ko kuwa alli ne da garin rogo. Matsalar ita ce gilashi yana tare yawancin wannan haske, saboda haka ba shi da amfani a nan. Gishirin miya yana barinsa ya wuce, amma fotashiyam buromayid ya fi shi buɗe hanya mai faɗi. A 1952 wata malamar kimiyya 'yar zuhudun Katolika a jihar Michigan, Miriam Stimson, ta bayyana dabarar da aka yi ta bi tun daga lokacin, wasu Jamusawa ma suka gano ta a lokaci guda. A ɗauki kashi ɗaya na abin da za a gwada, a niƙa shi da kashi ɗari na gishirin, a matse da ƙarfin kusan tan 10. Sai garin ya haɗe ya zama ɗan faifai garai-garai kamar gilashi, faɗinsa milimita 13. Sai dai gishirin yana da kwaɗayin laima. Wanda ya yi wannan aiki da hunturu ya ji daɗi, in ya zo yi da damina sai faifan ya yi fari kamar nono, alamar ruwa ta rufe masa sakamako. Dole a gasa gishirin ya bushe, a adana shi cikin tulun gilashi mai murfi. Sababbin na'urori masu ɗan lu'ulu'u a kai sun rage bukatar faifan, amma a cikin cikunan yawancinsu har yanzu akwai madubin raba haske da aka yi da KBr.

Na bar wa ma'aikatan gwamnati nasu kason a ƙarshe, domin akwai wata kamar kuma, ta suna. Ban da fotashiyam buromayid akwai fotashiyam buromet, wanda ake rubutawa KBrO3. Shi ma farin gari ne. Bambancinsu ƙwayar iskar oksijin guda uku, amma halinsu ya yi hannun riga. Buromet shi ne wanda masu gidan burodi ke sa wa fulawa don kwaɓi ya yi ƙarfi ya riƙe iska, burodi ya tashi ya cika ido da fulawa kaɗan. In an sa ɗan mitsitsi kuma burodin ya gasu sosai, zafin tanda yakan kore oksijin ɗin ya koma buromayid, wanda a wannan ɗan adadi ba ya cutarwa. In kuwa an zuba da yawa, ko an yi gaggawar sauke burodin don a tsimi itace, sai saura ya rage a ciki. A 1982 masu bincike a Japan suka nuna yana haddasa ciwon daji a ƙodar ɓeraye, kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Lyon ta sa shi cikin jerin abubuwan da ke iya jawo wa ɗan Adam wannan ciwo. Wanda ya haɗiye shi da yawa kuwa ƙodarsa na iya tsayawa, ya kuma kurumce. Ingila ta hana sa shi a abinci a 1990, Kanada a 1994, Indiya a 2016. A Nijeriya hukumar NAFDAC ta tsaya kan hana shi tun farkon shekarun 2000, zamanin da Dora Akunyili ke shugabancinta, abin da ya sa kuke ganin an buga a ledar burodi cewa babu buromet a ciki. Bitamin C yana yin aikin da yake yi wa kwaɓi ba tare da wannan haɗari ba.

Na sha jin mutane masu ilmi, har a rediyo, suna cewa an hana buromayid a burodi, ko kuwa suna tsoron cewa maganin farfaɗiyar kare shi ne mai kawo ciwon daji. A bakin mai hira wannan tuntuɓen harshe ne. A takardar jami'in kwastan, ko mai duba gidajen burodi na ƙaramar hukuma, ko akawun da ke rubuta odar kayan ɗakin gwaji na makaranta, kuskuren harafi biyu na iya sa a tsare kayan da jami'a ke jira, ko a saki buhun da zai ƙare a tandar burodi. Turancin sunayen biyu a ƙarshensu kawai suka bambanta, kuma tawada takan goge a jikin buhu. Saboda haka a duba haruffan kimiyya da ke ƙarƙashin sunan: in an ga KBr kaɗai, na ɗakin gwaji ne da likitan dabbobi, in an ga O da 3 a bayansa, a tambayi mai kayan inda za shi da shi, a kuma nemi takardar izininsa.

Shugaba, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.